Kiɗan dala 30 da hular kaboyi: yadda Lil Nas X ya yi mako 19 a saman jadawalin waƙoƙin Amurka

A ƙarshen shekarar 2018, Montero Lamar Hill, wanda aka fi sani da Lil Nas X, yana da shekara 19, ya bar jami'a bayan shekara ɗaya, ba shi da aikin yi, yana kwana a gidan yayarsa a Atlanta, ita ma ta riga ta sanar da shi cewa zaman ya kusa ƙarewa. Iyayensa ba su ji daɗin barin karatun ba. Abin da ya mallaka bai wuce wayar hannu da tarin mabiya a Twitter ba. Wata huɗu bayan haka waƙarsa, "Old Town Road", ta hau matsayi na ɗaya a Hot 100, jadawalin da mujallar Billboard ke fitarwa duk mako na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, ba ta sauka ba sai da ta yi mako 19, abin da babu waƙar da ta taɓa yi tun da aka kafa jadawalin a 1958.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin sa'a tsagwaronta: wani yaro mai shirme ya sa hular kaboyi, ya yi waƙar doki a kan kiɗan gambara, intanet ta ɗauka. Ni ban yarda da wannan karatun ba. In aka bi lamarin daki-daki, za a ga cewa kusan duk abin da ya yi kama da shirme a waje, tsara shi aka yi, kuma wanda ya tsara shi ya shekara da shekaru yana koyon sana'ar da masana'antar waƙa ba ta ma san sana'a ce ba a lokacin.

Makarantar da ya yi a waya

An haife shi ranar 9 ga Afrilu, 1999, a Lithia Springs, jihar Jojiya. Iyayensa sun rabu yana ɗan shekara shida, ya zauna da mahaifiyarsa da kakarsa a Bankhead Courts, rukunin gidajen gwamnati na marasa galihu a Atlanta, daga baya ya koma wurin mahaifinsa, wanda mawaƙin coci ne. Ya busa kakakin turawa a makaranta, ya yi ƙananan ayyuka a gidan abinci da wurin wasan yara, ya shiga Jami'ar West Georgia da niyyar karatun kwamfuta.

Amma ainihin karatunsa a waya ya yi shi. Tun yana ɗan shekara 13 zuwa sama ya duƙufa a intanet: gajerun bidiyon barkwanci a Facebook da Vine, sannan Twitter, inda ya riƙe shafin magoya bayan mawaƙiya Nicki Minaj. Ya daɗe yana musun cewa shafin nasa ne, sai a 2020 ya amsa. Duk wanda ya san yadda irin waɗannan shafuka ke aiki ya san wahalarsu. Kullum sai ka fitar da abin da zai sa baƙo ya tsaya, ya yi dariya, ya tura wa wani. Idan bai karɓu ba, cikin minti goma ka sani. Idan ya karɓu, ka duba dalili, gobe ka sake gwadawa. Yaron ya yi shekaru yana wannan gwaji, babu albashi, har ya gane da idonsa irin tsawon da abu ke bukata, da irin kalmar da ke liƙewa a kai, da lokacin da ya dace a saki abu. A watan Yulin 2018 ya saki tarin waƙoƙinsa na farko a shafin ɗora waƙoƙi na SoundCloud, mai suna "Nasarati". Waƙoƙin gambara ne irin na kowa, kuma ba su je ko'ina ba.

Kiɗan da ya fito daga Holan

Wanda ya haɗa kiɗan wani matashi ne ɗan ƙasar Holan, Kiowa Roukema, da ake kira YoungKio. Bai taɓa ganin Lil Nas X ba, bai san da zamansa ba. Yana cikin dubban matasan da ke haɗa kiɗa a kwamfuta a ɗakin kwanansu, su ɗora a YouTube, su sayar ta shafin BeatStars. Lil Nas X ya ci karo da kiɗan, ya biya dala 30. Wannan kuɗin haya ne, wato ya sami izinin yin waƙa a kai amma kiɗan bai zama nasa shi kaɗai ba. Ya ɗauki muryarsa a wani ɗan ƙaramin situdiyo a Atlanta kan dala 20. Ranar 3 ga Disamba, 2018, ya saki waƙar.

A cikin kiɗan akwai wani sautin tsirkiya mai sanyi da ke maimaita kansa tun daga farko, shi ne ke ba waƙar ƙamshin karkarar Amurka. YoungKio bai kaɗa shi da hannunsa ba. Yanko shi ya yi daga wani kiɗa mai suna "34 Ghosts IV" na ƙungiyar Nine Inch Nails, wanda ya fito a 2008, kuma shi da kansa ya ce bai san ƙungiyar ba kafin nan. Ba a nemi izini ba, domin babu wanda ya zaci abin zai wuce 'yan dubban masu saurare. Da waƙar ta fashe, dole aka koma wurin masu abu. Trent Reznor da Atticus Ross suka amince, aka sa sunayensu cikin marubuta da masu haɗa waƙar, suka sami kasonsu. Da sun ƙi, ko da sun kai ƙara, da labarin ya iya mutuwa a nan. Wannan ita ce gaɓar da na yarda cewa rabo ya yi aiki fiye da dabara, kuma duk matashin da ke sayen kiɗa mai arha a intanet ya kamata ya san cewa mai yiwuwa akwai bashin wani a ɓoye a ciki.

Ita kanta waƙar, minti ɗaya da daƙiƙa 53 ce kacal. Amshinta na zuwa da wuri, babu dogon shimfiɗa. Muryar ya ja ta irin ta mutanen kudancin Amurka har ta kusa zama kwaikwayo, zancen kuwa na doki ne da hula da takalmin kaboyi, a kan ganga mai nauyi irin ta salon tirap na Atlanta. Daga baya ya bayyana cewa a zuciyarsa zancen gudu ne daga halin da yake ciki, mutumin da ba shi da komai sai dokinsa. To amma ya kuma faɗa a fili cewa da gangan ya zuba kalmomin da za su yi daɗin yanka a saka cikin bidiyon barkwanci. Gajartar ma tana da amfaninta: manhajar Spotify na ƙirga saurare ɗaya ne da zarar an wuce daƙiƙa 30, waƙar da ta ƙare kafin kunne ya ƙoshi kuwa sake kunna ta ake yi.

Talla ba tare da kuɗin talla ba

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi raina shi. Ba shi da kuɗin ɗaukar bidiyo, sai ya haɗa hotuna daga wasan kwamfutar Red Dead Redemption 2, wasan kaboyi da ya fito a Oktoban 2018 kuma matasa ke rububinsa a lokacin. Ya ce ya haɗa gajerun bidiyon barkwanci kusan 100 da waƙar a ƙarƙashinsu, yana sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Ba ya cewa jama'a su saurari waƙarsa. Abin dariya yake ba su, waƙar na bin bayansa, sai mai kallo da kansa ya shiga tambayar wace waƙa ce wannan.

Ya ma yi tanadin wannan tambayar. Ya shiga dandalin Reddit kamar wani baƙo, ya rubuta yana tambayar sunan waƙar nan da ke zancen kai doki tsohuwar hanyar gari, don duk wanda ya rubuta waɗannan kalmomi a Google ya faɗo kan amsa. Mutum zai iya kiran wannan wayo, kuma wayon ne. Sai dai yana nuna cewa yaron ya zauna ya yi tunanin tafiyar mai saurare tun daga jin sautin farko har zuwa samun waƙar, ya kuma share masa hanya a kowace kwana.

Sannan ya yi rajistar waƙar a SoundCloud da iTunes a rukunin kiɗan kantiri, wato kiɗan karkarar Amurka da cibiyarsa ke Nashville, maimakon rukunin gambara. Kamar mai tumatir ne da ya ga layin 'yan gwari ya cika maƙil, ya ɗauki tirensa ya koma bakin ƙofar da babu cunkoso. A rukunin gambara dubban waƙoƙi ke fitowa kullum, masu saurarensa sun riga sun koma intanet kwata-kwata. A rukunin kantiri gasar ta intanet ba ta kai haka zafi ba, don haka hawa jadawalin ya fi sauƙi.

Kwana ɗaya ko biyu da sakin waƙar, ya rubuta a Twitter yana roƙon jama'a su taimaka masa ya sa Billy Ray Cyrus a cikinta. A lokacin maganar ta yi kama da mafarkin yaro. Cyrus tsohon tauraron kantiri ne da ya yi tashe a 1992, matasan zamanin Lil Nas X kuwa sun san shi ne a matsayin uba a wani shirin talabijin na yara.

TikTok ce ta ƙarasa aikin. Manhajar ba ta daɗe da haɗewa da Musical.ly ba, a Agustan 2018, kuma manyan kamfanonin waƙa ba su gama gane ƙarfinta ba. A farkon 2019 wani wasa ya ɓarke a cikinta: matashi na tsaye cikin kayan gida, ya kurɓi wani abu ko ya yi tsalle, daidai inda ganga ta faɗo sai hoton ya canza, ga shi cikin riga mai ɗigo-ɗigon murabba'i da wandon jins da hular kaboyi. Daƙiƙa 15 ne, kowa na iya yi a ɗakinsa. A lokacin Billboard ba ta ƙirga abin da aka kunna a TikTok, amma waɗanda suka ji guntun waƙar a can su ne suka kwarara zuwa YouTube da Spotify neman cikakkiyarta. Har ta kai wasu gidajen rediyo, da masu saurare suka dame su da tambaya alhali babu kamfanin da ya aiko musu da waƙar, suka riƙa sauke ta daga YouTube suna sakawa.

Ranar da aka cire ta

A watan Maris na 2019 waƙar ta shiga Hot 100 a matsayi na 83, ta kuma bayyana a jadawalin gambara da na kantiri a lokaci guda, inda ta tsaya a na 19 a na kantirin. A watan ne kamfanin Columbia ya sa hannu da shi. Sai Billboard ta cire waƙar daga jadawalin kantiri a shiru. Da mujallar Rolling Stone ta bankaɗo maganar, Billboard ta ce waƙar, duk da zancen kaboyi da ke cikinta, ba ta ɗauki isassun siffofin kiɗan kantiri na yau ba, kuma ta musanta cewa launin fatar mawaƙin, wanda baƙar fata ne, ya shiga cikin hukuncin.

Ana iya yi wa Billboard uzuri ta fuska ɗaya. Gangar waƙar ta tirap ce, Lil Nas X bai fito daga Nashville ba, gidajen rediyon kantiri ba su rungume ta ba, kuma shi kansa ya zaɓi rukunin ne da lissafi. Amma uzurin ba ya tsayawa in aka duba abin da ke cikin jadawalin a waɗannan shekaru. Mawaƙa farare irin su Sam Hunt sun daɗe suna rera kantiri da salon magana irin na gambara a kan gangar kwamfuta. Mawaƙan kantirin nan biyu farare da ake kira Florida Georgia Line sun yi waƙa da mawaƙin gambara Nelly a 2013. A 2018 ma wata waƙarsu da mawaƙiyar salon pop Bebe Rexha ta cika mako 50 a saman wannan jadawalin dai, babu wanda ya cire ta. Idan fari ya aro gangar baƙaƙe ana cewa kantiri na ci gaba, me ya sa idan baƙi ya aro hular kaboyi sai a ce ya yi kutse?

Tambayar ta yi zafi ne saboda tana da tsohon tushe. Tun a shekarun 1920 kamfanonin faifai a Amurka suka raba kiɗan kudu gida biyu don kasuwa: na baƙaƙe daban, na fararen ƙauye daban, alhali makaɗan suna koyo daga juna. Banjo, wadda ita ce tambarin kantiri, bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera ta a nahiyar Amurka, dangin akontin ce ta Senegambiya, kuma duk wanda ya san gurmi zai gane 'yan uwantakar: ƙoƙo, fata a shimfiɗe, tsirkiya a kai. Masana tarihi na ƙiyasin cewa kusan ɗaya cikin huɗu na kaboyin da suka yi kiwon shanu a yammacin Amurka bayan yaƙin basasa baƙaƙe ne, fina-finai ne suka goge su. Baƙaƙen fata irin su DeFord Bailey da Charley Pride sun yi suna a kantiri, amma an riƙa nuna su kamar bare a gidan. Ko Beyoncé, a 2016 kwamitin kantiri na kyautar Grammy ya ƙi karɓar wata waƙarta. Duk wannan tarihi sai ya taru a kan waƙar wani yaro da ba ta kai minti biyu ba.

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Cirewar ta fitar da waƙar daga wayoyin yara ta kai ta shafukan jaridu da teburin mahawara. Shi kuma bai yi faɗa ba. Ya ce waƙar kantiri ce kuma tirap ce, ta cancanci zama a jadawalin biyu, ya ci gaba da barkwancinsa. Ranar 5 ga Afrilu sabon zubin waƙar ya fito da muryar Billy Ray Cyrus, mutumin da ya roƙa tun Disamba. Yanzu ga farin dattijo ɗan shekara 57, ɗan gida a Nashville, yana rera amshin. Duk mai cewa waƙar ba kantiri ba ce sai ya yi bayanin dalili.

Mako 19

Waƙar ta kai matsayi na ɗaya ana gobe zai cika shekara 20. A makon da ya biyo baya aka saurare ta sau miliyan 143 ta intanet a Amurka kaɗai, ta karya tarihin Drake na miliyan 116 da ɗoriya. Taylor Swift ta saki waƙoƙi biyu a wannan tsakani, duka suka tsaya a na biyu. Ed Sheeran da Justin Bieber sun haɗa ƙarfi, su ma na biyu.

Tsayawa a sama haka ma aiki aka yi mata. A ƙa'idar Billboard, duk sabon zubin waƙa ana haɗa lissafinsa da na asali. Sai aka riƙa sakinsu duk lokacin da waƙar ta fara sanyi: ɗaya da mai haɗa kiɗa Diplo, ɗaya a watan Yuli da mawaƙin gambara Young Thug da wani yaro mawaƙin kantiri, Mason Ramsey, sannan ɗaya da RM na ƙungiyar BTS ta Koriya ta Kudu, wadda magoya bayanta ba su da na biyu wajen taruwa a kan abu. A watan Mayu an saki babban bidiyo da ɗan barkwanci Chris Rock a ciki. A ƙarshen Yuli ta wuce mako 16, iyakar da Mariah Carey da Boyz II Men suka kafa a 1996, wadda "Despacito" ta kamo a 2017. Billie Eilish ce ta sauke ta a watan Agusta. Ina ganin wannan ɓangaren bai kai na farko tsafta ba. A nan kuɗin kamfani ne ke aiki, kuma abin ya fi kama da wasa da ƙa'idar ƙirga fiye da ƙirƙira. Amma dabarar ba za ta yi tasiri ba in da mutane sun gaji da waƙar.

Kuma ba su gaji ba, musamman yara. A watan Mayun 2019 ya kai ziyarar bazata wata firamare a jihar Ohayo, bayan ya ga bidiyon ɗalibanta suna rera waƙar. Ya shigo ɗakin taron da hularsa, yara suka miƙe suna tsalle suna ihu, muryoyinsu suka danne tasa, malamai na ƙoƙarin tsayar da su a wuri ɗaya. Babu wanda ya koya musu baitocin. Sai dai a cikin baitocin nan akwai ambaton haɗin kodin da ake sha don maye, da zancen cin amanar masoyiya. Wanda ya ga abin da kodin ya yi wa matasa a garuruwanmu ba zai wuce wannan a matsayin wasa ba. Waƙar da aka gina don ta liƙe a kai ba ta tambayar shekarun mai saurare.

Bayan guguwar

Tambayar da kowa ke yi a lokacin ita ce ko mai waƙa ɗaya ne. A ranar 21 ga Yuni ya saki ƙaramin kundi mai suna "7", ya shiga a matsayi na biyu a jadawalin kundaye, wata waƙar ciki, "Panini", ta kai na biyar. Ranar 30 ga Yuni, waƙarsa na kan ganiyarta, ya bayyana wa duniya cewa shi mai neman jinsinsa ne. Ya sha zagi daga wasu masoya gambara da na kantiri, wasu kuma suka mara masa baya, waƙar dai ta ci gaba da zama a sama har wasu makonni bakwai. A Oktoba aka tabbatar ta kai ma'aunin kwafi miliyan 10 a Amurka, cikin lokaci mafi gajarta da wata waƙa ta taɓa yi zuwa sannan. A Nuwamba ƙungiyar mawaƙan kantiri ta CMA da ke Nashville ta ba shi da Cyrus kyauta, a Janairun 2020 kuma ya ɗauki Grammy biyu cikin shida da aka sa sunansa, sanye da kayan kaboyi ruwan hoda. A 2021 ya sake hawa matsayi na ɗaya har sau biyu, da salon tsokana da ya fi na baya zafi, wanda ya jawo masa fushin mabiya addini da dama.

Kamfanonin waƙa kuwa sun ɗauki darasin da ya fi sauƙin kwafa. Suka baza ma'aikata a TikTok suna farautar duk wanda guntun waƙarsa ya fara yawo, waƙoƙi suka ƙara gajarta, amshi ya dawo farko. An sa hannu da matasa da yawa ta wannan hanya, kaɗan ne aka sake jin ɗuriyarsu. Abin da kamfani ba zai iya sayowa ba shi ne shekarun nan shida da yaron ya yi yana gwada jama'a a intanet kafin ya taɓa shiga situdiyo.

A ɓangaren kantiri, ƙofar da aka rufe masa ta ɗan buɗu bayan shekara biyar. A Fabrairun 2024 Beyoncé ta zama baƙar mace ta farko da ta hau saman jadawalin kantirin na Billboard. Wanda ya karɓe ta a wurin shi ne Shaboozey, Collins Obinna Chibueze, haifaffen jihar Bajiniya wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, da waƙar da ita ma ta gauraya kantiri da gambara. Ba a cire tasa ba, kuma a Nuwamban wannan shekarar ta cika mako 19 a saman Hot 100, ta yi kunnen doki da ta Lil Nas X.